Kujerar Jirgin Ruwa da Na Ba da Sadaka a Birmingham

Tun da na dawo daga Ingila ban samu na sha fura cikin kwanciyar hankali a rumfata ba. Duk wanda ya shigo kasuwarmu ta Ƙofar Ruwa a Kano, ko ƙusa ya zo saye, sai ya ja benci ya ce, "Alhaji Bala, yaya ƙasar Turawa?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara kuka irin na tsohon ƙyaure. Kuma labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, don jiya na ji wani yana rantsuwa wai jirgin ruwa na sayo. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi ciniki.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata tsohon ƙarfe. Mota ta mutu, injin niƙa ya gaji, ni ake kira. Ƙanena Kabiru kuwa likita ne a wani babban asibiti da ke Edgbaston, cikin birnin Birmingham. Shi yana hana mutane mutuwa, ni ina yi wa ƙarfe jana'iza. Hajiyarmu ce ta matsa in je in gano mata ko jikokinta suna jin Hausa.

A filin jirginsu na fara cin karo da hukuma. Jami'in ya tambayi sana'ata, na ce da Turancina na kasuwa ina sayen abin da ya mutu. Ya ajiye biro ya dube ni da kyau. Sai da na yi ta ƙwanƙwasa ƙarfen teburinsa ina nuni kafin ya gane ya buga mini hatimi. Gaba kaɗan wani guntun kare mai kunnuwa kamar faifai ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Shi ya tona asirin kilishin da Hajiya ta naɗe cikin zani. Suka ƙwace, cikin ladabi, har da ba ni haƙuri. Wata ma'aikaciya ta buɗe ƙullin daddawa, ta rufe da sauri, ta miƙo mini daga nesa. Da kilishin yana da warin daddawa da ya tsira.

Kabiru ya zo a makare. "Yaya, sorry wallahi, traffic ne, kuma jiya ina on call." Na ce ya maimaita rabin da ban ji ba. Haka Hausarsu take a can, shinkafa da wake.

Unguwarsu sunanta Small Heath. Gidajen manne suke da juna kamar ƙwayar masara, har in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka ce masa yarhamukallahu. Ga masallatai, ga mahauta na halal. In ka rufe ido ka shaƙi ƙamshin gashi sai ka ce Fagge kake, in ka buɗe ruwan sama ya tuna maka. An ba ni ɗaki a sama, ta wata matattakala da in mai tumbi zai hau sai ya bi ta gefe. Yaran kuwa, na gwada su don in kawo wa Hajiya rahoto. Suna jin "zo", suna jin "ci", suna jin "bari". Sauran duk ta hanci suke yi.

Lokacin nan kowa kukan matsi yake. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu: an rufe ɗakin karatu na unguwa, an rage masu zuwa kula da tsofaffi, har kwashe tarkace da kansul, wato hukumar gari, take yi kyauta a da, yanzu sai ka biya. Na ce, "Kabiru, mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa ne suke kukan talauci?" Ya ce, "Yaya, kowa da inda takalminsa yake matse shi."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk abin da mutum ya gaji da shi sai ya fito da shi ƙofar gida. Firji, murhu, keke. Duk wanda ya zo wucewa nasa ne. Kuma akwai wasu masu akori-kura da ke zagayawa suna busa ƙaho, suna kwashe na ƙarfe. Da na ji ƙahon nan jikina ya ba ni 'yan'uwana ne. Na tambayi Kabiru nawa suke biyan kilo. Ya ce ba sa biya, kai ne ma za ka yi musu godiya. Ranar ban ci abinci da kyau ba. A Kano yaro ya tsinci gwangwanin madara sai an yi ciniki da shi har da rantsuwa.

Maƙwabciyarsu ta hannun dama wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Doris, ta haura tamanin, ita kaɗai a gida. Hauwa, matar Kabiru, tana aika mata da masa ranar Juma'a. Ni kuma kullum da safe sai na gaishe ta yadda aka koya mana: kwana, gajiya, gida, sanyi, ƙafa. Ita kuma ta ce "lafiya" sau ɗaya ta tsaya tana jiran in gama. Iya nake ce mata.

To ranar da abin ya faru, Kabiru yana asibiti, Hauwa ta kai yara makaranta. Na leƙo sai na ga wata doguwar kujera mai naɗewa jingine a ƙofar Iya, irin wadda ake miƙe ƙafa a kai. Saƙar jikinta ta koɗe, tsakiyar ta lotsa. Na ɗaga ta da yatsa biyu. Alminiyam ne, kuma irin wanda ban taɓa riƙe mai kyansa ba. Na ce a raina, baiwar Allah ta fitar da shara, ga shi ba ta da kuɗin biyan kansul. Ina cikin haka sai ga ƙaho. Na tare motar, na miƙa musu kujerar da hannuna, har da yi wa direban nasiha kada ya yarda a haɗa masa ita da baƙin ƙarfe wajen awo. Na koma ciki ina lissafin lada.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hauwa ta je, suka yi magana, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Yaya Bala, ba ka ga wata kujera a ƙofar Doris ba?"

Na gyara zama na ce, "Ai an wuce wurin. Ki ce mata kada ta damu da godiya."

Hauwa ta dafa bango. Ashe akwai wani zaure na tsofaffi da Iya take zuwa shan shayi, inda ta ba da aron kujerar aka ajiye ta tare da hotuna don masu kallo. Kansul ta rufe zauren a makon nan, ma'aikatan suka dawo mata da kayanta, suka tarar ta tafi ganin likita, suka jingine a ƙofa.

Na fita na yi bayani da duk Turancin da na mallaka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Ta Wolta ce." Ta juya da sandarta ta shige gida. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Hauwa ta ce Wolta mijinta ne, ya daɗe da rasuwa, kuma ba su haihu ba.

Washegari na fito da lema na tsaya a bakin titi ina kasa kunne. Ɗan sana'a ya san ɗan sana'a: mai ƙaho ba ya nisa da unguwar da ya samu alheri. Kafin azahar na kama shi a bayan wani masallaci. Ya tura ni filin da yake sauke kaya. Can na ga dutsen ƙarfen da in aka ba ni kwata ɗinsa sai na ƙara aure na kai duk unguwarmu Makka. Mai filin ya ce bai narka ta ba, irin waɗannan yakan ware wa wani mutum a Manchester mai sayen kayan tsofaffin jiragen ruwa, kuma motarsa ta tafi da ita tun da safe. Ya rubuta mini inda zan same shi.

Da na kawo wa Iya labari ta ce, "Da ni za a je. Kai ba ka san ta ba, sau ɗaya ka taɓa ta, kuma ka ga abin da ya biyo baya."

Na ce da Hauwa, yaya zan yi tafiya da matar mutane? Ta ce, "Yaya, ta girmi Hajiya."

Muka hau doguwar bas. Motocinsu ba kwandasta, ba mai tallar rake ta taga, ba wanda ya ce a yi addu'ar tafiya. Na yi tawa a ɓoye. Iya ta buɗe jaka ta ba ni burodi mai sanyi da kokwamba a tsakiya. Na duba ciki ko naman ya faɗi ne. Ni kuma na ba ta aya, ta gwada ɗaya ta ce haƙoranta na asibiti ne, ba za ta yi wasa da dukiyar gwamnati ba a wannan zamani. Daga nan fuska ta ɗan saki, na samu ƙofar tambaya.

Ta ce tana budurwa ta tafi Amurka aikin raino, a jirgin ruwa, domin a lokacin haka ake zuwa. Bayan yaƙin duniya na biyu, Amurkawa sun ga Ingilishi da Faransawa suna taƙama da manyan jiragen fasinja, su ma suka ƙera nasu. Wanda ta hau shi ne sarkinsu. Tsawonsa ya kusa ƙafa dubu. Na auna a raina: in aka ajiye shi a kasuwarmu, mai shiga ta gaba ya yi sallar azahar, kafin ya fita ta baya an kira la'asar. Yana ƙetare tekun cikin ƙasa da kwana huɗu, ba wanda ya kama ƙafarsa. Gwamnatinsu ce ta zuba kuɗi a ƙirarsa, da sharaɗin in yaƙi ya tashi a kwashe masu kuɗi a loda soja. Wanda ya zana shi kuma mutum ne mai tsoron gobara, ya hana a sa katako ko'ina. An ce abin kiɗa na falo da katakon saran nama na mahauci ne kaɗai suka tsira. Shi ya sa har kujerun shan iska na alminiyam ne.

Wolta baƙar fata ne ɗan Amurka, aikinsa kenan a jirgin: jera kujerun nan a sarari, lulluɓe fasinja da bargo, kawo musu romo. Kujerar hayarta ake yi, Iya kuwa ba ta da ko sisi, ga jiri ya kama ta tana riƙe da ƙarfe tana mayar wa teku abincinta.

Ta ce, "Sai Wolta ya zo ya ce, 'Malama, wannan kujerar mai ita ba ya fitowa, shi ma yana ɗaki yana irin aikinki.' Ya zaunar da ni ya rufa mini bargo."

Na ce, "Iya, ashe tsarin namu ne. Mu ma da ɗan taimako ake farawa."

Na tambaye ta me ya kashe irin wannan jirgi. Ta nuna sama da yatsa. Jirgin sama ya zo yana yin tafiyar kwana huɗu tsakanin karin kumallo da abincin dare. Abin da mota ta yi wa jakin fatake kenan. Fasinja suka yi ta raguwa har ma'aikata suka fi su yawa. Wata rana aka ɗaure jirgin don gyara, ba a sake kwance shi da fasinja ba. Wolta ya biyo ta Birmingham ya kama aiki a masana'anta, a garin da ba ko ƙamshin teku.

Sai ɗan kasuwar cikina ya motsa. Na ce, "To ƙarfen fa, wa ya saya?"

Ta lissafa mini manyan jiragen zamanin kamar mai ba da labarin 'yan gida ɗaya. Ɗaya ana jan sa za a mai da shi otal, igiya ta tsinke cikin guguwa, ya dare gida biyu a gaɓar wani tsibiri daura da Maroko, mutanen wurin suka kwashi rabonsu, teku ta cinye saura. Wani ya nutse a hanyar zuwa mayanka, kamar ya ji labarin inda za a kai shi. Wasu an tura su kan yashi a Indiya, aka yi ta yankarsu da wuta kamar raƙumi a hannun mahauta. Na Wolta kuwa an yi gwanjon kayan cikinsa, an yashe shi tas, yana ɗaure a wata tasha a Philadelphia yana tsatsa, ana biya masa kuɗin haya kamar ɗan makaranta. Wasu masoyansa suna ta tara kuɗi kada a yanka shi. A gwanjon nan ne Wolta ya sayi kujera ɗaya da kuɗin da suka tara na mota.

Leɓena ya fara motsi.

Ta ce, "Tukwane nawa ya ba ka?"

Na ce wallahi tasbihi nake. Ta ce Hauwa ta gaya mata abin da muke yi da alminiyam a Kano.

Mun isa Manchester mai shagon ya tashi. Iya ta sauka wajen 'yar ƙanwarta, ni kuma Kabiru ya haɗa ni da Malam Nasiru, wani malamin jami'a daga gida da ke karatun digiri na uku, a unguwar ɗalibai da ake kira Fallowfield. Gida ɗaya, mutum biyar, tukunya biyar. Na buɗe firji na ga kowace kwalbar madara da sunan mai ita a jiki. Na ce, "Malam, gidan marayu ne ko kotu?" Ya ce in na taɓa ta wani sai an kira taro. Ya ɗora mana miyar kuka da daddawar da na ba shi tsaraba. Kafin ta nuna, wani ɗan Sin ya sauko, wata Baturiya ta sauko, suka buɗe tagogi cikin sanyin nan. Mun ci tuwon semo da manyan riguna a jikinmu.

Da safe muka je shagon, wani tsohon sito a bakin ruwa. Maƙabartar jirage ce. Fitilu, ƙararrawa, tagogi masu da'ira, duk jere da farashi. Mai wurin wani ƙato ne da zane-zane a damatsa. Ya ce i, kujerar tana nan, har ya gyara ta. Ya fito da ita tana walƙiya. Ya goge ƙarfen, ya yanke tsohuwar saƙar gaba ɗaya, mai shara ya tafi da ita. Ƙashi kawai ya rage.

Iya ta matso ta sa hannu a tsakiya, inda babu komai.

Ta ce, "Wolta ne ya saƙa ta da ta farko ta tsinke. Kullum da yamma a nan yake zama. Akwai rami a nan, daidai shi." Ta janye hannunta. "Ba ita ba ce. Mu tafi."

Ta fita ta zauna a benci. Ƙaton nan ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuwa na ce ko ƙashi ne ba zan bar shi a garin mutane ba. Ya faɗi kuɗi. Na yi tayi. Ya girgiza kai. Sai na yi abin da kowane ɗan Kano zai yi: na juya na kama hanya a hankali, ina jiran a ce "dawo, kawo." Na kai ƙofa, shiru. Na fita cikin ruwa, shiru. Na waiwaya na hango shi yana haɗa shayi. Haka na dawo da ƙafata, jiƙe, ba wanda ya kira ni. Ya dai rage mini wani abu don kunyar Iya. Abin da na biya kada ku tambaya, uwargida ta iya karatu.

Muka hau bas ɗin dawowa. Ina ta kallon ƙarfen a raina. Kafin in shiga harkar tsohon ƙarfe, a wajen masu walda na tashi, masu yin kujerun tsakar gida, kuma ni ne mai saƙa musu da igiyar roba. Hannu ba ya mantuwa.

Na shiga shagon wani Bafakistane na sayi igiyar shanya, kore da ruwan ɗorawa, don su kaɗai ne da shi. Na zauna a bayan gidan Kabiru na yi ta ja ina ɗaurewa har tafin hannuna ya yi kanta, na fitar mata da zanen dara a wajen jingina. Kabiru ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan fa antique ne, kayan tarihi, ka mai da shi kujerar mai shayi." Na ce ya koma wajen marasa lafiyarsa.

Na kai mata, na buɗe a ɗan filin gabanta. Ta zagaya ta da sanda. Ta ce Wolta da ya ga kalar nan da ya kira 'yan kwana-kwana. Ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafa, ta rufe ido. Na tsaya kamar mai jiran hukunci.

Ta ce, "Ta yi tauri. Kamar allo."

Na ce sabuwar saƙa haka take, sai an zauna an zauna take ba da wuri.

"Shekaruna nawa kake tsammani suka rage? Ga ni ba nauyi." Ta buɗe ido ɗaya ta auna ni daga hula har takalmi, ta tsaya a tumbi. "Kai ne za ka yi. Tashe ni."

Haka aka yanke mini hukunci. Sauran kwanakina a Ingila, kullum bayan azahar ina kan kujerar nan a ƙofar Iya, an rufa mini bargo, da kofin shayi a hannu, masu zuwa masallaci suna yi mini sannu da hutawa. Ita tana kan kujerar cin abinci a gefe tana ba ni labarin teku, in na motsa ta ce in koma tsakiya. Sau ɗaya mai ƙaho ya zo wucewa ya rage gudu yana leƙe. Iya ta ɗaga masa sanda ta ce wannan tarkacen da ke kai ma ba na bayarwa ba ne.

Ranar da zan taho na shiga yi mata sallama na tarar an shigar da kujerar falo, gaban taga, tana kai. Ta ce har yanzu ba ta kai ta da ba, amma ta fara karɓar mutum.

Saboda haka mai cewa na sayo jirgi ya ji tsoron Allah. Ban kawo ko ƙusa ba. Jirgin yana can a ɗaure, kuma ni da ban taɓa ganin ƙarfe na yi masa fatan tsawon rai ba, nakan sa Kabiru ya duba mini ko yana nan. Amma in Allah ya kai ɗayanku Small Heath, ya ga kujerar Amurka da saƙar Kano a bayan wata taga, ya duba tsakiyarta da kyau. Ramin nan nawa ne.